Gilashi a Bangon Inna

Autanmu injiniya ne, kuma idan ka manta zai tuna maka kafin ka gama amsa gaisuwarsa. Ba irin injiniyan da zai nuna maka gini ya ce ga aikina ba ne. Nasa aikin duk a binne yake. Idan za a tayar da dogon bene a ƙasa mai laushi, shi ake kira ya zauna da takarda da kwamfuta, ya faɗi yawan ginshiƙan kankaren da za a kafa cikin ƙasa, da kaurinsu, da zurfin da za su kai kafin su taka wuri mai tauri su ɗauki nauyin benen. Ginshiƙan nan suna da wani suna na Turanci da yake taunawa da yanga. Mu a gida turaku muke ce musu. Ya hana, ya yi fushi, ya gaji ya bari.

Ni ce babbar yayarsa. Ni na goya shi har bayana ya san nauyinsa, don haka babu wanda zai ba ni labarinsa. Tun yana tatata bai taɓa yin kuskure ba. Ran da ya fasa wa Inna tulu, tsayawa ya yi cikin ruwan, ƙafarsa jage-jage, yana bayanin cewa daɓen ne ya karkace. Da ni ce, da na sha mari kafin in kai ƙarshen magana. Shi kuwa Inna ta sunkuya ta duba daɓen, ta ce lallai yaron nan yana da gaskiya, washegari aka kira magini ya gyara wurin. Auta ke nan, shalelen Inna.

Da ya shiga makaranta gidan ya koma kamar asibiti. Idan yana karatu ba a daka, ba a dariya, rediyon Baba ma sai a kunne yake jin ta. Kuma gaskiya ɗaya ce, kansa yana ja. Ba zan hana shi wannan ba. Ya yi ta wucewa har ya kai inda ake ba mutum hular kwano fara da mota da direba. Abin da karatun bai koya masa ba shi ne inda ake yin shiru. Idan ya je gidan mutane, kafin a kawo masa ruwa ya buga dunduniya a ƙasa ya gaya musu a kan taɓo suke zaune. Ran da aka binne Baba, Allah ya jiƙansa, maza suka dawo suna ba da labarin cewa Injiniya ya leƙa kabarin ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga, yumɓu ne a sama, yashi a ƙasa." Da aka gaya wa Inna, cewa ta yi baƙin ciki ne, kowa da yadda yake fitar da nasa.

Ni bayan rasuwar maigidana na dawo gida wajen Inna, na buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ɗakin da ke kallon titi. Gidan namu ba wani abin a zo a gani ba ne, amma Baba ne ya gina shi ɗaki bayan ɗaki, kuma a ɗakin baya Inna ta haife mu duka. Gadonta na ƙarfe yana jingine da bangon baya, ga kwabarta mai madubi, ga tagar da take leƙa maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, su yi hira ta saman katanga. Tare aka kawo su layin nan suna amare, tare suka tsufa. Idan ɗaya ta ɗora tukunya, ɗaya ta san abin da ke ciki.

Bayan gidajenmu akwai tsohuwar ma'ajiyar kaya da aka daɗe da rufewa. Wata rana aka zo aka rushe ta, aka kewaye filin da kwano, aka kafa allo mai hoton wani bene da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Wa aka ba aikin harsashinsa? Autanmu. Inna ta kwana uku ba ta taka ƙasa don murna, duk wanda ya shigo sai ta ja shi ta nuna masa allon ta taga.

Matarsa ce ta bayyana mini yadda abin yake, don ita baiwar Allah ta sha wannan karatun a kan tabarmar cin abinci har ta haddace. Hanya biyu ake kafa turakun nan. Ko a haƙa rami da inji a hankali, a zura rodi, a zuba kankare, ba hayaniya amma akwai jan lokaci. Ko kuma a kawo su a shirye, a tsayar, a yi ta buga su da wata ƙatuwar gudumar inji har su nutse. Wannan akwai sauri, sai dai ƙasa tana girgiza. Masu benen suna gaggawa. Wata abokiyar aikinsa ta ce ko da ɓangaren da ke kusa da tsofaffin gidaje ne a haƙa. Ya ce ya yi lissafi, girgizar za ta mutu a hanya kafin ta iso katangarmu. Da ta sake magana ya ce mata a unguwar aka haife shi, ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa.

Mutanen layi ba wawaye ba ne. Da suka ga injin ya iso, dogo kamar zai taɓo gajimare, suka taru a rumfar shagona suka ce a kira shi. Ya zo da hular kwanonsa a ka, ko cirewa bai yi ba a gaban dattawan da suka ga tsiraicinsa yana yaro. Tela na ƙarshen layi ya ce, "Injiniya, gidajen nan sun tsufa, ba mu da inda za mu. In abin nan zai taɓa mu, ka gaya mana tun yanzu."

Ya buɗe wata takarda mai layuka kamar saƙar gizo, ya yi ta magana har aka fara hamma. Da ya ga ba a gamsu ba sai ya naɗe ta, ya nuna ƙofar gidanmu.

"Wane gida ne ya fi kusa da filin nan? Namu. Wa ke kwana a ɗakin baya? Uwata. Kuna ganin in da akwai haɗari zan bar uwar da ta haife ni a ciki?"

Maman 'Yan Biyu ta ce, "To ai shi ke nan, magana ta ƙare." Aka watse. Inna tana bayan ƙyaure tana ji, idonta ya kawo ruwa don daɗi. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, don na ga abin da ya yi. Hujja ta ƙare masa, ya ɗauki tsohuwa ya aje a matsayin jingina, ko izininta bai nema ba.

Aka fara bugu. Wanda bai ji ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ba a kunne kake jin sa ba, a haƙora kake ji. Gwangwanayen madara suka koyi tafiya a kan kanta, sai na juya in ga ɗaya ta iso baki tana shirin faɗowa. Ruwa a kofi yana rawa. Agogon bangon Baba ya karkace, na gyara, ya sake karkacewa, na sauke shi. Tun safe har azahar, a huta, a ci gaba har yamma.

Ba a daɗe ba bangon ɗakin Inna ya tsage. Siririyar tsaga ce, daga kusurwar taga ta gangara ta bayan gado. Na kira shi a waya. Ya zo ya duba da 'yar fitila, ya shafa, ya yi murmushin da nake jin kamar in kwaɗa masa ludayi.

"Yaya, wannan ai tsohuwar tsaga ce. Ginin Baba ne, ba harsashin kirki. Fenti ne ya rufe ta, yanzu kika lura."

"Ni nake share ɗakin nan kullum," na ce. "Jiya babu ita."

"To bari in kawo abin da ba ya gardama."

Washegari ya dawo da wani ɗan kwali cike da gilasai sirara, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, da gam a 'yar roba. Ya ce haka ake yi a aikinsu. A ɗora gilashi a gicciye kan tsagar, a manne bakinsa biyu, ɗaya a wannan gefen ɗaya a wancan. Idan bangon yana motsi ko da kaurin gashi ne, gilashin zai fashe. Idan bai fashe ba, tsagar a mace take. Ya manna guda uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya ɗora ragowar kwalin da gam ɗin a kan kwabar Inna, ya karkaɗe hannu.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma autanmu ba ya cin nasara a ɓoye. Ya fita ya shelanta wa layi cewa duk mai shakka ya zo ɗakin uwarsa ya ga gilashi. Ɗakin Inna ya zama wurin ziyara. Tela ya zo, mai wanki ya zo, matan layi suka riƙa shigowa bi da bi, a cire takalmi, a gaida Inna, a sunkuya a leƙa bayan gado. Maman 'Yan Biyu ma bangon madafarta ya fara buɗewa, har ɗanta ya ce zai kai ƙara hukumar gine-gine. Ta ce ya dakata. Ta shigo ta duba gilasan nan uku, lafiya ƙalau suna sheƙi.

"Ke da kike manne da filin ma naki bai motsa ba," ta ce wa Inna. "Nawa tsufa ne kawai. Bari in je in hana yaron nan tayar da fitina."

Inna ta ce, "Ai na gaya miki, Auta ba ya faɗin abin da bai auna ba."

Kwanaki suna tafiya, ni dai idona yana gaya mini wani abu dabam. Tsagar da da allura ba ta shiga, yanzu tsinken tsintsiya yana shiga. Daga baya na ga haske ta ciki da hantsi. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mu namu ba karin magana ba ne, da idona na ga ƙadangaren ya leƙo ya gyaɗa mini kai. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa sai an sa kafaɗa. Amma gilashi yana nan garau. Duk bayan kwana biyu Injiniya zai biyo, ya haska fitila, ya ɗauki hoto da waya, ya dube ni.

"Yaya, har yanzu dai?"

"Tsagar nan ta ƙaru."

"Ido ba ma'auni ba ne."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Shi ya sa ke kike sayar da sukari, ni nake gina bene," ya ce, yana dariya. Inna ma ta yi dariya, ta ce in ƙyale yaro ya yi aikinsa.

Har na fara zargin kaina. Sai dai na lura Inna ta tsiri wasu halaye. Matar da ƙofarta ba ta taɓa rufuwa da rana ba, yanzu da an tsayar da bugu da azahar sai ta tura ƙofa ta sa sakata, wai tana hutawa. Ɗakin yana wani wari mai hawa kai. Fatar yatsunta tana ɓarewa, na tambaya ta ce sabulu ne. Ta hana ni share bayan gado, wai bayana yana ciwo, ita da ta haife ni.

Mai yankan gilashi na bakin kasuwa ne ya kwance mini ƙullin, shi ma ba da niyya ba. Ya tsaya sayen ganyen shayi, ya zaro wani ɗan ƙunshi a takarda ya aje a kan kanta.

"Ki ba Inna saƙonta. Ki ce mata na ƙara tsawon kamar yadda ta ce, wai na wancan karon sun yi mata gajeru."

Na buɗe. Gilasai ne sirara, an yanka su tsaf, sun ɗan fi na kwalin tsawo. Ban san lokacin da na bar shago a buɗe ba. Na tura ƙofar Inna da kafaɗa, Allah ya sa ba ta sa sakata ba. Na same ta durƙushe a bayan gado, ta ja shi gefe ita kaɗai, tabarau a hanci, tana kankare busasshen gam da wuƙar yanka albasa. Gefenta ga wani tsohon kwanon sha cike da fasassun gilasai.

Ta dube ni, ta dubi ƙunshin da ke hannuna. Ko kunya ba ta ji ba, sai ma ta miƙo hannu.

"Kawo. Rufe ƙofar."

"Inna, me kike yi haka?"

"Abin da kika gani."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ya manna. Kafin la'asar duka ukun sun fashe." Ta ci gaba da kankara. "A gaban mutane ya ce uwarsa na ciki. In suka shigo suka ga abin nan a fashe, da wane ido zai dube su? Su tsayar masa da aiki, a ce ɗana bai iya ba? Ai bugun ya kusa ƙarewa. In sun gama sai a liƙe bangon da siminti, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani."

"Bangon nan a kanki zai faɗo!"

"To sai me? Na ci zamanina."

"Maman 'Yan Biyu fa? Jikokinta a madafarta suke wasa."

Wuƙar ta tsaya. Sai can ta ce, a hankali, "Ina yi musu addu'a kullum."

Na tsaya ina kallon tsohuwar nan, gwiwoyinta da ke hana ta tsayuwar salla a kan siminti, yatsunta duk gam. Ta ce in rufa mata asiri don darajar nonon da na sha. Na ce wannan karon nono ya yi haƙuri. Na sunkuya na ɗauki kwanon.

Mai gadin filin ya ce ba a shiga ba hula. Na ce ya zo ya sa mini. Ofishinsu wani akwatin ƙarfe ne mai sanyi, na tarar da Injiniya da mutane uku sun sunkuya kan wani faffaɗan zane. Na juye kwanon a tsakiyar zanen. Gilasai suka watsu har ƙasa.

"Ga abin da ba ya gardama," na ce. "Daga bayan gadon uwarka."

Ya biyo ni gida, abokiyar aikin nan tasa tana bayansa. A hanya, Allah ya sani, na yi masa kyakkyawan zato. Na ce yau dai zai durƙusa. Yau zai ga abin da bakinsa ya jawo, ya rungume tsohuwar nan ya ce ta yafe masa. Ya shiga ɗakin, ya dubi bangon da babu gilashi ko ɗaya, ya sa yatsa a tsagar, yatsan ya shige har gindi. Sannan ya juyo wajen Inna da ke zaune a bakin gado ta haɗa hannu a cinya.

"Inna, kin san abin da kika yi kuwa? Kin ɓata mini gwaji gaba ɗaya. Duk hotunan da na ɗauka sun zama banza. Yanzu ta yaya zan san ranar da motsin ya fara?"

"Tun ranar farko ne, Auta," ta ce. "Yi haƙuri."

Ita ce mai ba da haƙuri. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, na sani, amma ban taɓa ganin an naɗe ta a kan uwa ba sai ran nan. Abokiyar aikin tasa ta fita tsakar gida ta buga waya. Kafin mu gama kallon juna gudumar ta tsaya. Shirun da ya biyo baya har kunne yake toshewa.

Aka kawo katakai aka tokare bangon. Jami'in hukumar gine-gine ya zo ya zagaya, ya ce kada wanda ya sake kwana a ɗakunan baya, na gidanmu da na gidaje huɗu a jere. Bayan kwana biyu bangon madafar Maman 'Yan Biyu ya kwanta da kansa da rana tsaka. Allah ya taƙaita, yaran suna makaranta, tukwane da murhu ne suka tafi.

Kamfanin da ke gina benen ya kafa kwamitin bincike, kuma a nan ne autanmu ya nuna gwanintarsa ta gaske. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce shi ya bi ƙa'ida, ya sa ma'auni, ya riƙa dubawa, ga hotuna. Da ma'aunin ya nuna motsi da tuni ya tsayar da bugu. Mazaunin gidan ne ya riƙa canza gilashin. Haka ya faɗa wa kamfani, haka ya faɗa wa hukuma, haka ya tsaya a rumfar shagona ya faɗa wa mutanen layi. Maganar lissafin da ya ce girgiza za ta mutu a hanya, da shawarar da aka ba shi ya yi fatali da ita, duk suka bi ruwa. Aka koma haƙa ramuka da inji mai shiru, abin da ya kamata a yi tun ran gini tun ran zane, kuma aka yaba masa da ya ɗauki mataki cikin gaggawa.

An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Jifan ya zo da yamma, Maman 'Yan Biyu ce ta kawo shi. Ba ta leƙo ta katanga ba, ta ƙofa ta shigo kamar baƙuwa, ta ƙi zama.

"Da ɗanki ne ya yaudare mu, da na ce yaro ne da neman abinci," ta ce. "Amma ni ba takardarsa na duba ba. Fuskarki na duba. Kina kallona na sunkuya ina leƙen gilashin da kika manna da hannunki, na koma na sa jikokina a ƙarƙashin bango."

Maman 'Yan Biyu ta juya ta fita, kuma daga ranar ba ta sake yi mata magana ba.

Gidanmu bai gyaru ba. Da aka tone aka ga harsashin ya rabu biyu, aka ce rushewa ya fi. Kamfani ya gyara wa maƙwabta nasu, namu filin ya haɗa da nasa, a nan ake ajiye motoci yanzu. Ran da muka kwashe kaya, babu wanda ya fito. Layin da idan Inna ta yi tari ake aiko yara tambaya, ranar duk ƙofofi a rufe. Ta zauna a gaban motar kaya da madubin kwabarta a cinya, tana kallon tagar maƙwabciyarta har muka sha kwana. Ni na kama haya kusa da kasuwa na mai da shagona can. Ita kuma Injiniya ya kai ta gidansa, hawa na shida, ɗaki mai kyau da na'urar sanyi, da tagar da ba ta kallon kowa. Tana tsoron lif, gwiwa kuma ta hana ta matakala, sai ta yi wata ba ta sauko ba.

Shi kuwa sai gaba. An ƙara masa girma, yanzu har kiransa ake yi ya koyar da matasan injiniyoyi. Tumbi ya fito, furfura ta fara, muryar ta ƙara kauri. Har yau idan ya shiga gidan mutane yana buga dunduniya.

Da aka gama benen aka shirya bikin buɗewa, ya aiko mana da kati. Na ce ba inda za ni. Inna ta ce in ban raka ta ba ba ta yafe ba. Ta sa aka ɗinka mata sabon kaya, ta daure ta shiga lif idonta a rufe tana riƙe da hannuna. Aka zaunar da mu a wani babban zaure mai fitilu, can gefe kusa da masu raba lemo. Manya suka yi ta jawabi. Sannan aka kira wanda aka ce shi ne ya ɗora wannan bene a kan ƙafafunsa.

Ya iya magana, wannan ma ba zan hana shi ba. Ya yi bayanin laka da yashi da zurfin turakunsa har masu kuɗin suna gyaɗa kai kamar sun gane. Da ya zo ƙarshe ya ce bari ya ba matasa wani darasi da ba a koyarwa a makaranta.

"Kada ku taɓa barin ma'auni a gidan da mutane ke ciki ba tare da kulle ba," ya ce. "A aikin nan mun manna gilashi a bangon wani gida. Ashe akwai wata tsohuwa a ciki, kullum gilashin ya fashe sai ta cire ta manna sabo, wai tana taimaka mana. Har wajen mai yankan gilashi take aikawa, tana ba da awo!"

Zauren ya kece da dariya. Wani mai babbar riga har yana share hawaye. Na yunƙura zan miƙe, Inna ta danne mini gwiwa. Na juya na dube ta. Dariya take yi ita ma, ta rufe baki da gefen mayafi, tana waige-waige tana kallon fuskokin mutane.

Ta matso kusa da kunnena.

"Ke 'yar nan," ta ce, "kin ga yadda suke sauraronsa?"